Ranar da Baban Ilham Ya Ce In Hankaɗa Shi

Na fito daga kicin na tarar da Baban Ilham rub da ciki a kan dogon allon hawan igiyar ruwa, a tsakiyar falonmu na unguwar Sri Petaling, a Malesiya. Abokinsa ne ya ara masa, kullen korona ya hana su zuwa teku. Yana dafawa zai miƙe, sai ƙafafu su harɗe, tim!

Mutumin da tun da aka rufe ɗakin bincikensu ko murmushi ya daina.

Ya sauka daga allon ya tsaya, ya ce, "Maman Ilham, zo ki hankaɗa ni ta baya. Ƙafar da na fara jefawa, ita zan riƙa sawa gaba a kan allon."

Na ce, "Ni? Da izininka?"

Ya ce, "Boleh lah!" Wato "an yarje miki" da yaren mutanen nan.

Jama'a, na tattaro duk ƙarfina na danna! Ƙafar hagu ta fita, sauran jikin ya bi ta har ƙarƙashin tebur. Yana can yana ihu, "Hagu ce! Hagu ce!" Muka yi dariya har da hawaye.

Da ya sake gwadawa, cak ya tsaya, gwiwoyi a lanƙwashe, hannuwa a buɗe.

Ashe wani lokacin shirme ne ke riƙe gida. Ku wane shirme kuka yi lokacin kulle?