Motar da Alhajin Gwaram Ya Ba Malam

Shekarar da aka kawo motar gidanmu na riga na sauke Alƙur'ani, ina karatun littattafai a zauren mahaifina a Birnin Kudu. Wani attajirin hatsi ne daga Gwaram ya aiko da ita. Yana saurayi ya yi karatu a gaban Malam, da Allah ya buɗa masa sai ya ce ba zai yiwu malaminsa ya riƙa hawa bayan akori-kura zuwa tafsiri a Fagam ba. Malam ya sa albarka, ya shafa gilashinta, ya juyo ya ce in je in koyi tuƙi. Ban nema ba, ban kuma ƙi ba.

A wancan zamani irinta ce ta cika hanya. Fara ce mai dogon baya, tana ɗaukar mutum bakwai da buhu biyu ba ta yi nishi ba. Ita ce a tasha, ita ce a ƙofar asibiti, ita ma'aikata ke burin saya kafin su yi ritaya. In ta lalace a Kangire ko a Yalwan Damai ba ka damuwa, domin ko mai facin taya ya san abin da ke damunta. Kayan gyaranta kuwa har a teburin masu sayar da man juye ana samu.

Ban san ranar da ta fara raguwa ba. Na dai lura ƙananan motocin da ake shigowa da su daga Kwatano sun fara tsayawa a layin tasha, direbobi suna yaba musu rashin shan mai. Daga baya wani makanike ya gaya mini kamfanin ya daina ƙera ta gaba ɗaya, har sunan ma an bari. Kayan gyara suka ƙaura zuwa Kano, daga can kuma suka ƙare, sai dai a sayi wadda ta mutu a yanka, a ciri abin da ake so. Tsohon makaniken da ya san cikinta ya rasu. Waɗanda suka gaje shi kan buɗe bonet su tsaya suna kallo, su ce in dawo jibi.

Da Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, 'yan'uwana suka bar mini motar da bakin alheri. Kowa ya san ba za a sayar ba. A wurinmu ba a kai kyautar mutum kasuwa yana raye, balle kyautar almajiri ga malaminsa. Alhajin kuwa Allah ya ba shi tsawon rai, sai dai idanunsa sun tafi. Duk Sallah nakan je gaishe shi kamar yadda Malam ya saba, kuma tun kafin in yi sallama nake jin yana gaya wa mutanen zaure cewa ga motar Malam nan, ya ji ta tun daga kwana. Ƙarar injinta daban take, mai kauri, kuma a lokacin babu wata irinta da ke shiga Gwaram.

Sau ɗaya na je a kan babur. Ya tambaya, na ce tana wurin gyara, gaskiya ce kuwa. Bai yi faɗa ba. Ya amsa gaisuwata a gajarce, ya juya fuska wajen bango, har na tashi bai tambaye ni iyali ba. Tun daga ranar na gane aikina. Wata goma sha biyu ina jinyar ƙarfe saboda tafiya biyu.

Maiɗakina ta daina yi mini magana a kan motar sai da wasa. Wata safiya ina neman sifanar kwance noti sai na ji muryarta daga madafa.

"Malam, in za ka duba tsohuwar taka ka yi a hankali, kaza ta yi ƙwai a kujerar baya. Ita kaɗai ke cin moriyar motar nan."

Bara, bayan Babbar Sallah, giyarta ta karye a hanyar dawowa. Makanike ya faɗa mini sunayen abubuwan da za a nema, na rubuta su da ajami a bayan wata takarda, na shiga Kano sau uku. Wani dattijo a kasuwar kayan mota ya karɓi takardar, ya karanta ba gargada, ya yaba hannuna, sannan ya ce rabonsa da ganin waɗannan tun 'yarsa ta fari tana goye. Na dawo na rufe motar da tamfol.

Na daɗe ina juya abin. Ƙarya ba zan yi wa makaho ba. In ci gaba kuma ba hali. Na yi istihara, na shirya maganata tsaf: zan gaya masa motar ta yi aikinta, masu yin ta ma sun haƙura, in roƙe shi izini in rabu da ita. Na hau motar haya zuwa Gwaram da hantsi.

Na same shi a kan buzu yana jan carbi. Na durƙusa na faɗi abin da na shirya, har na kai wurin giyar da aka rasa. Kafin in kai ga roƙon sai ya ɗaga hannu, fuskarsa ta washe.

"Ɗan Malam, wannan ne ya hana ka barci? Ai da ka faɗa tuntuni."

Ya sa babban ɗansa ya kai ni bayan gida, ya buɗe wani tsohon ɗakin ajiyar hatsi. Ga wata mota a ciki, irin tamu sak, shuɗiya, tayoyinta sun nutse a ƙasa. Tasa ce ta hawa a da. Ɗan ya dube ni, na dube shi.

Da muka koma zaure Alhaji ya laluba ya kama hannuna.

"Ka kwashe ta ka yanka, na ba ka. Ni dai in ji ƙarar nan a ƙofata. In na ji ta, sai in ga kamar Malam ne zai fito."

Sauran maganata tana bakina. Na haɗiye ta, na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

Da tarakta aka jawo ta zuwa Birnin Kudu. Giyar ta yi daidai. Yanzu biyu ne a ƙofar gidana, ɗaya tana ciyar da ɗaya, kuma makanike ya ce in aka lallaɓa, abin da ke jikin shuɗiyar zai kai mu shekara shida ko bakwai.