Atilin da Baba Ya Bar Mini

Yayana ne ya sayar da bishiyar atilina, kuma ya sayar da ita a ranar da yake gabanmu riƙe da ganye, yana jan zanga-zangar hana sare kurmi.

A ƙauyenmu, can bayan Kuru, gona daban, bishiya daban. Wani ya gaji ƙasa, wani ya gaji itacen da ke kanta. Da Baba ya rasu, Yaya ya samu gonar bakin kurmi, ni aka ba ni atilin da ke tsakiyarta. Da kuɗin 'ya'yan bishiyar na sa yarana a makaranta, tunda ni tawa a firamare ta tsaya.

Masu injin yankan katako suka fara ɓarna daga gefen rafi. Aka yi taro a coci, aka ce kowa ya fito, har masu goyo. Mu in ranmu ya ɓaci ba sanda muke ɗauka ba, ɗanyen ganye muke karyowa. Yaya ya ce a je a tare babban titi, wai a nan hukuma za ta gan mu. Wata tsohuwa ta ce a bar mutane a gindin itatuwan mana. Ya ce taron da aka raba ba ya tsorata kowa. Muka bi shi kaf.

Mun wuni a rana muna waƙa, direbobi na zaginmu. Ashe motar katakon ta tsohuwar hanyar masu haƙar kuza ta shiga, wadda ta ratsa gonarsa. Da muka dawo, kututturen atilina na tarar, ƙaro na tsattsafowa. Na zauna a kai. Ban yi kuka ba, ban ji komai ba. Da mai gari ya tambayi ɗan kwangilar katakon, sai ya ce ai mai gonar ne ya sayar masa.

Yaya ya koma Jos. Bara na gan shi a Tina Junction cikin sabon keke napep. Ya ce, “Ƙane, ka shigo gari ba labari? Hau in kai ka.” Ban tambaye shi ba, ya fara bayanin wai inuwar bishiyar ce take kashe masa dankali.

Na ce, “Yaya, ganyen da ka ɗaga ranar nan, daga jikinta ka karyo shi. Ina kallonka. Ja kekenka, ina da ƙafa.”