Fatalwar da Ta Shayar da Harlan Deardorff

A Gettysburg, garin da aka gwabza babban faɗa a yaƙin basasar ƙasarsu, kowa da fatalwarsa. Mai masauki yana da wadda ke taka masa matakala, mai shagon kofi yana da wadda ke kifar masa da kofuna, har limamin cocin da aka mayar asibiti lokacin yaƙin basasa ba ya musa cewa akan ji nishi ƙarƙashin bene. Ta Harlan Deardorff ce kaɗai ta fito da rana tsaka, ita ce kuma kaɗai aka taɓa jin ta yi wa wani alheri.

A gonar tuffa aka haifi Harlan, arewa da gari. Da mahaifinsu ya rasu, wansa Lowell ya sayar wa masu gina gidaje gonar bai jira ta bakinsa ba. Harlan bai ɗaga murya ba. Ya koma tuƙa motar 'yan makaranta, ya kuma ɗauke wa Lowell gaisuwa. Coci ɗaya suke zuwa, kowa da bencinsa. Ko a kwaikwayon yaƙin da ake yi duk watan Yuli, a wata gona da ke maƙwabtaka da ainihin filin daga, sai da suka raba gari: Harlan yana sa shuɗin kayan sojan Arewa, Lowell yana sa ruwan toka na Kudu.

Abin da ya fi wuya a wannan wasa shi ne samun mai mutuwa. Mutumin da ya tuƙo mota tun daga Ohio, ya sayi albarushi, ba zai yarda ya faɗi bai harba ya more ba. Harlan kuwa da mutuwa ya yi suna. Igwa tana yin ƙarar farko zai saki bindiga, ya dafe ƙirji, ya zube. Dokar gawa kuma yana bin ta sau da ƙafa: ba motsi, ba korar ƙuda, ba buɗe ido sai an busa ƙaho an ce matattu su tashi.

"Ragwanci ne kawai, Harlan," in ji abokan rundunarsa. "Barci kake zuwa yi a ciyawa."

"To in kowa ya ƙi mutuwa, uban wa kuke harbi?" haka yake ba su amsa.

Wata shekara rana ta yi zafin da ba a saba gani ba. Harlan ya faɗi da wuri kamar kullum, cikin rigar ulu mai maɓalli har wuya. Can sai ya ji gumi ya tsaya masa, harshensa ya manne, ƙarar bindigogi tana yin nisa kamar ana jan ta zuwa wani gari. Ya san ya kamata ya ɗaga hannu a zo a ɗauke shi. Amma 'yan kallo suna jere a bakin shinge suna ɗaukar hoto, shi kuma bai taɓa ɓata mutuwa ba. Ya ce bari ya ƙara daurewa kaɗan.

Hayaƙin igwa ya lulluɓe filin. A cikinsa ne wani hannu ya shiga ƙarƙashin wuyansa ya ɗaga kansa, bakin gora ya taɓa leɓensa. Ya sha. Aka ɓalle masa maɓallin wuya, aka tuttula masa sauran ruwan a ƙirji, aka mayar da kansa ƙasa a hankali. Duk wannan idonsa a rufe, don gawa ba ta kallo. Da hayaƙin ya yaye, babu kowa kusa da shi sai 'yan'uwansa matattu. Masu ba da agaji da suka kwashe shi daga baya suka ce ba don ruwan nan ba, da ƙahon bai tashe shi ba.

An tambayi 'yan Arewa, an tambayi 'yan Kudu, ba wanda ya ce shi ne. Kafin kaka labari ya gama gari: wani sojan da ya mutu da ƙishirwa a yaƙin gaske ne ke yawo da gora. Corrine, 'yar Lowell, wadda sana'arta zagayawa da baƙi tana ba su labaran fatalwa, ta sa shi cikin nata. Baƙi suka fara ajiye robobin ruwa a gindin shingen.

Harlan da kansa ya fi kowa yaɗa labarin. Ya fi son ba da shi ran Asabar a shagon kofi, da murya sama, lokacin da Lowell ke zaune can bakin taga yana karanta jarida. Kullum a wuri ɗaya yake ƙarewa: "Ko wane ne shi, duk inda yake, Allah ya saka masa. Na ga auren 'ya'yana saboda shi." Lowell yakan juya shafi.

Abu ɗaya Harlan yake tsallakewa. Hannun da ya tallafe masa wuya, manuninsa guntu ne, ya ji dungunsa a bayan kunne. Mutum ɗaya ya sani mai irin wannan yatsa, wansa, yana kuma tsaye a wurin ranar da injin matse tuffa ya cinye rabinsa, suna yara. Fatalwa ta zo masa daidai. Ana gode mata ba sai an dubi idonta ba, ba kuma ita ta sayar da gonar ba. Da ita yake sauke godiyarsa a kunnen mai ita, fushinsa kuma yana nan bai taɓu ba. Shekaru suka yi ta wucewa yana ganin ya yi wayo.

Wata Asabar kujerar bakin taga ta zauna ba kowa, ta gaba ma haka. Corrine ce ta tare Harlan a bakin kanti, tana sanye da doguwar rigar mutanen da, za ta wajen aiki.

"Huhun Baba ne. Likitoci sun sallamo shi gida, sun ce ba sauran abin da za su yi." Ta gyara hularta. "Ban ce ka je ba, Baffa Harlan. Na dai faɗa maka."

Ya daɗe zaune cikin motarsa bai tayar ba. Ya gane in Lowell ya tafi, godiyar da ya yi ta yi duk ta tafi wajen fatalwa, kuma shi ya fi kowa sanin babu ita.

Ya tarar da wansa a baranda, bargo a cinya, siririn tiyon iska a hanci. Lowell ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka tsufa."

"Kai kuma ka yi kyau." Harlan ya tsaya a matakala, hula a hannu. "Lowell, na san kai ne."

"Ni ne me?"

"Kada ka raina min hankali. Na ji yatsan."

Lowell ya yi dariyar da ta koma tari. Da ta lafa ya ce, "Na hango ka tun daga nesa, ka yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa. Na ce wawan nan zai mutu da gaske don kada a ce bai iya mutuwar ƙarya ba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Me ya hana ka buɗe ido?"

Harlan ya murza bakin hular. "Na gode," ya ce. Ya yi mamakin yadda maganar ta fito ƙarama, bayan duk ƙawata ta da ya saba yi a gaban jama'a. "Da kai nake. Na gode."

"Na ji. Na sha ji ma, har ta hana ni karatun jarida." Lowell ya ja numfashi. "Kada ka gaya wa Corrine. Duk cikin fatalwowinta wannan baƙi suka fi so."

"Ba zan faɗa ba. Amma maganar gona, har gobe ba ka kyauta ba."

"Ban kyauta ba," in ji Lowell, ba tare da ya kau da kai ba. "Jawo kujera ka zage ni a zaune. Tsayuwarka tana tare min rana."

Harlan ya jawo kujerar.