Kunun da Ya Ƙi Zama a Jikina

Shekarun baya, da na yi haihuwar fari, aka ɗauke ni daga Ƙaraye zuwa gidanmu a Zoza wankan jego. A wajenmu lokacin, in mai jego ta koma ɗakinta ba ta yi ɓul-ɓul ba, ba ita ake zagi ba, uwarta ake zagi. Sai a ce gidansu ba a iya jego ba, ko rowa ta yi musu yawa.

To ni kuwa tun ina yarinya kamar sillen kara nake. Mahaifiyata ta ɗaura ɗamara: kunun kanwa safe da yamma, gasasshen nama da yaji, fura da nonon da maƙwabtanmu Fulani ke kawowa. Ina ci har ina nishi. Kullum bayan wanka sai ta kama damtsena ta latsa, ta yi tsaki.

"Ke wai ina kike kai abincin nan? So kike dangin mijinki su ce yunwa na bar ki da ita?"

"Inna, wallahi ina ci."

"Ci ba ƙiba, asarar hatsi!"

Dariya nake yi, amma ranar da na tarar da ita a bayan rumbu tana share hawaye, jikina ya yi sanyi.

Da muka yi arba'in, zani biyu ta sa na ɗaura don na cika ido. Gwaggona ce ta raka ni ɗakina, da umarnin ta kawo wa Inna duk abin da aka faɗa, kada ta rage ko ɗaya.

Uwar mijina ta dube ni sama da ƙasa. Ta miƙa hannu ta karɓi yaron. Sai da hannunta ya yi ƙasa don nauyi.

"Kai! Wannan angon nawa ai sai da tallafi." Ta juya wajen gwaggo. "Ki gaya wa mahaifiyarta na ga inda kununta ya tafi. Allah Ya saka mata da alheri."

Har yau ban yi ƙiba ba, haihuwa bayan haihuwa. Na dai gane kowace mace da irin ginin da Allah Ya yi mata, kuma jiki ba ya faɗin duk abin da aka zuba masa. Abin da ke damuna shi ne yadda Inna, baiwar Allah, ta yi kwana arba'in tana neman mutuncinta a damtsena. Gwaggo ta ce da ta kai mata saƙon, sau uku ta sa aka maimaita mata.