Taliyar da Ba Ta Dahu Ba

Yacouba mutumin Maradi ne, aikinsa dakon tumatir a birnin Riyad, daga kasuwar Al-Aziziya zuwa gidajen abinci. Cikin waɗanda yake kai wa har da wani ƙaramin gida a Gubaira mai dafa abincin Italiya, ko da yake mai wurin ɗan Siriya ne, kuma ko a mafarki bai taɓa taka Italiya ba.

Ta ƙofar baya Yacouba yake shiga. Daga nan yakan hango miji da mata zaune fuska da fuska, suna ci suna hira, ba wanda ya mutu. Abin ya tsaya masa a rai. Shi tun da ya auri Sahadatou bai taɓa ganin loma ta shiga bakinta ba. Takan ajiye masa kwano, ta koma bayan ɗaki ta ci nata, yadda ta ga uwarta na yi. Da yana gida bai damu ba. Sai da ya yi shekara da shekaru yana cin abinci shi da bango ya fara jin ciwon abin.

Da ta zo Umara, ta biyo ta Riyad kafin ta koma, ya ƙudura sai sun ci tare ko sau ɗaya ne. Ya sa jallabiyarsa ta Juma'a, ya shigar da ita ta ƙofar gaba. Shakir mai kawo abinci ya dubi hannunsa, bai ga kwando ba.

"Ina tumatir?"

"Yau ci na zo yi."

"Tafaddal," in ji Shakir, ya ja musu kujeru.

Aka kawo taliya faranti biyu, ja wur, an barbaɗa cuku. Sahadatou ta naɗe hannuwa cikin hijabi, ta ce ta ƙoshi. Rabonta da abinci tun asuba. Yacouba ya lallashe ta, ya nuna mata teburin kusa, inda wata take ci daga farantin mijinta. Sahadatou ta duba, ta yi wa matar addu'ar shiriya.

Taliya ta fara hucewa. Can sai ta miƙe, ta juya kujerarta ta fuskanci bango, ta ɗora farantin a cinya. Yacouba ya zauna da cokali a hannu yana kallon bayan matarsa, ransa a jagule.

Ta yi loma ɗaya, ta daɗe tana tauna.

"Baban Biba," ta ce, ba ta waiwayo ba, "wannan ai ba ta dahu ba. Irinta suke ba ka duk shekarun nan?"

Bai taɓa ɗanɗana ta ba sai yau, amma ya ce, "Irinta."

Ya ga kafaɗarta tana rawa. Sai ta jawo kujerar ta juyo, ido jawur, ta janye farantinsa zuwa gabanta.

"Bar ta, kar ta ɓata maka ciki. Ni zan cinye."