Ranar da Na Kama Sunan Ɗana na Fari

Shekara hamsin da ɗoriya ban taɓa kama sunan ɗana na fari ba. Haka aka tashe mu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ana jin kunyarsa har a mutu. In maganarsa ta kama, sai in ce "wancan". Shi ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na wajen Dosara shekarar da zama ya gagara, ya gina mini ɗaki a gidansa a Bakura. Malami ne, magidanta na ɗaukar karatu a zaurensa bayan la'asar, kuma a lokacin ana maganar ba shi na'ibin limamin unguwa.

Wata Laraba 'yan wata ƙungiyar agaji suka shigo rabon gero ga waɗanda suka baro garuruwansu. Ni ban bi layi ba. Su suka same ni tsakar gida ina tankaɗen kuka, ɗaure da tsohon zanen aiki. Wata budurwa cikinsu ta yi mini gaisuwar da ko gajiya ba ta tambaya ba, ta ɗaga waya.

"Inna, za mu ɗauke ki mu sa a shafinmu, masu taimako su gani."

Magana ba ta taɓa yi mini wuya ba. Mata har daga Dakko suna zuwa biki don su ji bakina. Na gyara zama, na ɗauko mata tarihin garinmu tun daga rijiyar da kakana ya gina. Ban kai rabi ba ta katse ni.

"Yanzu wa yake kula da ke?"

Ɗana yana tsaye bakin zaure yana ji. Da wane baki zan ce ga shi can? Na sunkuyar da kai na ce, "Allah."

"Ba ki da kowa ke nan?"

"Ina da Allah, ɗiyata."

Ta sa na dangwala yatsa a wata takarda, suka wuce.

Bayan kwana huɗu matar ɗana ta shigo ɗakina da waya, idonta ja. Rijiyar kakana babu, garinmu babu, duk an yanke. An bar sunkuyar da kan, da kalmar nan guda, an ɗora wani kiɗa mai sa tausayi. Ta karanta mini abin da aka rubuta a ƙasa: tsohuwar da 'ya'yanta suka yasar. Mutanen da ba su san ko hanyar Bakura ba suna ta tsine wa ɗana. Sai wani ɗan unguwarmu, Allah ya saka mini, ya rubuta ko gidan wa ne.

Ɗana ya ci gaba da ba da karatunsa. Amma ina jin zaure daga ɗakina, muryoyin masu karatu kullum raguwa suke. Wata maƙwabciya har da kawo mini tuwo a rufe.

"Ashe da yunwa kike kwana, Inna, ba ki hwaɗi ba?"

"Mai da abinki," na ce. "Wanga tuwo naki ko kajinmu ba su ci."

Ranar kasuwar Mafara na shiga mota ni kaɗai, na yi ta tambaya har na sami ofishinsu. Budurwar na ganina ta washe baki.

"Inna! Naki ya fi na kowa tafiya. Ta dalilinki gidaje da yawa sun sami abinci."

"Cire shi."

"Ko mun cire, mutane sun riga sun kwafa. Kuma ai kin dangwala."

"To ɗaga wayar taki."

Ta ɗaga. Na dubi baƙin gilashin nan na kama sunan ɗana, cikakke, da na ubansa. Na faɗi ɗakin da ya gina, da furar da yake aiko mini kafin ya sha tasa, da daren da ya goyo ni a daji ƙafata ta kumbura. Harshena kamar na tauna barkono. Abin da ban yi a gaban uwata ba, na yi shi a gaban yarinyar da ban san gidansu ba.

Sun sa shi, ban ce ba su sa ba. Matar ɗana ta duba ta sake dubawa. Waɗanda suka kalla ko zaure ba za su cika ba. Na farko da ya yi rubutu cewa ya yi an tilasta wa tsohuwa.

Na'ibi kuwa wani aka ba.

Da ɗana ya ji abin da na je na yi, ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa, kansa a ƙasa. Sai ya ce:

"Inna, da kin bari."