Motar Bulo da Kayan Ƙwai

A layin da ke bayan tashar mota, inda masu faci da masu sayar da batir suka jeru, kowa ya san Me-ya-sa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Tun yana saurayi ba a gaya masa magana ya ce to ya wuce, sai ya nemi dalili. Yanzu shekarunsa hamsin da bakwai, gajere ne siriri, idonsa na dama ya ɗan fi na hagu ƙanƙancewa saboda shekara talatin da ya yi yana maƙala masa gilashin duba agogo.

Gyaran agogo ne sana'arsa ta fari. Yana da benci da ɗan akwatin gilashi a ƙofar wani kantin magani, a nan ya ci ya sha, ya yi aure, ya sa 'ya'ya huɗu a makaranta. Da wayar hannu ta cika gari sai mutane suka daina ɗaura agogo, har ta kai yakan wuni bai buɗe bayan ko guda ɗaya ba. Matarsa ce ta kawo shawarar ƙwai. Akwai gonar kaji a bayan gari, tafiyar kilomita ashirin da biyar, rabi kwalta, rabi turɓaya mai ramuka. Ya riƙa sarowa a babur, kiret ashirin ɗaure a baya, yana raba wa ƙananan kantuna. Shekara shida yana haka, bai yi arziki ba, amma ba a kwana da yunwa a gidansa ba.

Abin da ya sa shi neman mota shi ne Mai Burodi, wata mata mai ƙarancin magana da ke da gidan burodi da kek mafi girma a unguwar. Wanda yake kawo mata ƙwai ya tashi daga garin, tana neman mai kawo kiret ɗari biyu, sau biyu a mako.

"Sau uku zan gwada ka," in ji ta. "Ba na son fasasshe. Ɗaya ya fashe a sama ya ɓata goma a ƙasa, ma'aikatana su bar kwaɓa fulawa su koma wankin ƙwai. In ka iya, aikin naka ne. In ba ka iya ba, ba faɗa."

Me-ya-sa ya sayar da babur ɗin, ya sayar da akwatin gilashin nan da ya daɗe yana shan ƙura a zaure, ya haɗa da ɗan abin da suka tara shi da matarsa. Duk da haka kuɗin ba su isa mota mai kyan gani ba. Ke nan in aikin Mai Burodi ya kuɓuce, ba babur ɗin komawa, sai mota mai shan mai da kiret ashirin ba zai iya ciyar da ita ba. Ya san haka, matarsa ma ta sani.

Ya ɗauki ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Bakanike saboda garejinsa, suka shiga yawon duba tsofaffin akori-kura. Uku suka gani suka wuce. Ta huɗun a gidan buga bulo suka same ta. Ta girmi babbar 'yarsa. Ƙofar gefen fasinja da waya aka ɗaure ta, kujerar ta tsage soso ya leƙo, fenti kuwa kala uku ne, ban da tsatsa. Amma da aka tayar da ita, Me-ya-sa ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido kamar yadda yake sauraron agogo. Ya daɗe a haka.

"Ba ta tsallake bugu," ya ce.

"Yaya, ka bar inji, dubi bayanta," in ji Bakanike, yana dukan bodin da tafin hannu. "Wannan bulo take ɗauka har ya wuce kan direba, ba ta taɓa durƙusawa ba. Ƙwai kuma ai hutu ta samu."

Aka yi ciniki, aka kawo ta gareji. Matarsa ta kafa doka ɗaya: abin da zai sa ta tafi da abin da zai sa ta tsaya su ne farko, kwalliya ta jira. Aka gyara burki, aka sa tayoyi biyu na hannu, aka sauya batir. Sauran aikin da hannunsa ya yi shi. Ya sayi tsofaffin ƙofofin wani shago da aka rushe, ya tsaga su ya yi kanta hawa uku a bayan motar, kowane gurbi daidai faɗin kiret. Ya yanka tsohuwar katifar yara ya shimfiɗa a kantocin. Mai walda ya kafa masa ƙarafa huɗu, aka ɗora rufin kwano. Da aka zo fenti, wani ya ce fari ya fi korar zafi, sai Me-ya-sa ya shafa wa gwangwani biyu fenti, fari da shuɗi, ya zuba musu ruwa, ya ajiye su a rana ya riƙa tsoma yatsa a ciki. Da ya gamsu, ya sayi fentin gida fari ya shafe motar da buroshi. Daga nesa ta yi kyau. Daga kusa ana ganin sawun buroshin.

Bakanike ma bai so a bar shi a baya ba. Masu kawo masa mota duk masu ɗaukar yashi ne da bulo da itace, a wurinsu darajar mota ita ce bayanta ya tsaya ƙyam. Don haka ya kwance sifirin baya, wato fallayen ƙarfen nan da ake jera wa kan juna a saman taya, ya ƙara falle biyu a kowane gefe.

"Kyauta ce, Yaya, kada ka ce ban yi maka komai ba. Yanzu ko giwa ka ɗora ba za ta ji ba."

Tafiyar farko, motar ta riƙa tsalle a turɓaya kamar ɗan akuya. Da aka sauke kaya a gidan burodi, kiret ashirin da uku sun ɓaci. Me-ya-sa ya ɗora laifin a kan tuƙinsa, tunda bai daɗe da komawa sitiyari ba. Tafiya ta biyu ya ninka soso, ya ɗaure kowane jeri da igiyar roba, ya yi tafiyar hawainiya har masu keke suna wuce shi. Kiret goma sha tara suka ɓaci. Mai Burodi ta tsaya tana kallon ƙwanduwa tana ɗiga daga bayan motar zuwa siminti.

"Saura ɗaya," ta ce, ta koma ciki.

A gida matarsa ta tara fasassun a roba, ta raba wa maƙwabta abin da ya rabu. Ta ce, "Baban yara, kwana huɗu ne fa suka rage kafin tafiya ta uku."

Washegari manajan gonar ya roƙe shi ya taho masa da buhu arba'in na abincin kaji daga cikin gari, tunda motarsu ta lalace. Me-ya-sa ya cire kantocin, aka loda. Ya kama hanyar nan dai, ramukan nan dai, yana jiran tsallen da ya saba. Shiru. Motar ta riƙa shiga rami tana fita a hankali kamar kwalekwale a ruwa. Kofin da ya ajiye a gaban gilashi, wanda kullum sai ya tsince shi a ƙasa, yana nan inda yake.

Ya tsaya a gefen hanya, ya kwanta a ƙarƙashin motar da fararen kayansa. Fallayen sun miƙe, nauyi ya danne su. Ya tashi ya kama bodin ya girgiza, ya ga suna lanƙwasa suna dawowa. Da aka sauke buhunan a gona ya sake gwadawa, har ya hau ya yi tsalle a kai, ko motsi ba su yi ba. Ya ƙirga su: goma sha ɗaya a kowane gefe. Shida ne masu kama ɗaya, na asali. Uku mai bulo ne ya ƙara, biyu kuma kyautar Bakanike.

Wanda ya yi shekara talatin da agogo ya san cewa sifiri ba ya aiki sai an ba shi nauyin da zai iya lanƙwasa shi. Kiret ɗari biyu ba su kai rabin nauyin buhunan nan ba. Ashe duk ramin da taya ta faɗa, kai tsaye yake isa jikin ƙwai, babu abin da ya tare shi a hanya.

Bakanike ya yi dariya har ya zauna a kan taya.

"A cire? Yaya, ko zafin rana ne? Mutane suna biyana in ƙara, kai ka zo in rage. In aka ji a layin nan na raunana mota da hannuna, wa zai sake kawo mini aiki?"

"Ka ce ni na sa ka."

"Wa zai yarda? Za a ce ƙwai ne ya hau maka kai."

"To, me ya sa ta yi laushi da buhu arba'in?"

"Saboda mota ce mai son kaya!"

"Madalla. Ni kuma ba ni da kayan da take so. Ko dai in ƙara mata kaya, ko in rage mata ƙarfi. Wanne ya fi araha, ƙanina?"

Bakanike ya sosa ƙeya. Daga ƙarshe ya ce zai cire nasa biyun, amma na mai bulo sai ya gani da idonsa.

Ba su da ƙwan da za su yi asara a gwaji, don haka Me-ya-sa ya aro bahon wankin matarsa. Ya zana layi da alli a cikinsa, ya cika ruwa zuwa layin. Suka mayar da kantocin, suka loda buhunan yashi daidai nauyin ƙwan, suka zaɓi wani yanki na hanyar turɓaya daga wata bishiya zuwa gada. Bakanike ya tuƙa, Me-ya-sa ya zauna a baya ya riƙe bahon tsakanin ƙafafunsa. Da falle goma sha ɗaya, kafin su kai gada rabin ruwan yana jikinsa. Ya sauko yana ɗiga.

"Yaya, da ka ce wanka kake so ai da na kawo sabulu."

Suka koma gareji, aka sa jak, aka cire biyu. Ruwan da ya zube ya ragu, amma ba sosai ba. Aka cire ɗaya, aka sake komawa. Kwana biyu suka yi suna kai da kawowa, masu shaguna a layin suna fitowa kallon dattijo zaune a bayan mota rungume da baho. Me-ya-sa yana auna abin da ya rage da ɗan sanda, yana yi masa tsaga da wuƙa. A hanya ya gano abu biyu da bai nema ba: in bahon yana kusa da kan direba ya fi zama lafiya a kan in yana can wutsiya, kuma in mai faci ya ɗan rage iskar tayoyin baya, ruwan ya fi kwanciya. Da suka sauko falle shida, suka isa gada ruwan bai bar layin alli da faɗin yatsa biyu ba. Wannan karon Bakanike ne ya fara leƙa bahon.

"A cire ɗaya kuma?" ya tambaya.

"A'a. Waɗanda suka ƙera ta sun fi mu sani."

Ranar tafiya ta uku ya jera yawancin kayan a gaba, ya bar gurbin wutsiya kusan wayam. Bayan motar ya ɗan sauka, abin da bai taɓa yi ba, har manajan gonar ya tambaya ko wani abu ya karye. Me-ya-sa ya tuƙa kamar yadda kowa yake tuƙi, ya isa gidan burodi da hantsi.

Mai Burodi ta fito da kanta. Ta sa ma'aikatanta suka riƙa saukewa kiret-kiret, tana ɗaga kowanne ta duba ƙarƙashinsa. Aikin ya ci kusan rabin sa'a. Ƙwai bakwai aka ware a gefe, biyar sun tsage, biyu sun fashe.

"Litinin da Alhamis," in ji ta. "Kafin ƙarfe goma."

Ta juya za ta shiga, sai ta tsaya ta dubi motar.

"Tunda ga ka da akori-kura, akwai fulawa buhu talatin a sito. Ka ɗauko mini gobe, in biya ka daban."

"Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe, ba za ta iya ba."

"Motar da aka ce bulo take ɗauka?"

"Da ke nan. Yanzu in na ɗora mata buhu talatin, a ƙofar siton za ta zauna. Sai dai in kwaso miki sau uku."

Ta dube shi, sannan ta dubi kiret ɗin da aka jera a bango, busassu, babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa.

"Bar ta a kan ƙwan," ta ce. "Fulawa ba ta fashewa, kowa ma ya ɗauko."